Yadda Ake Bin Sawun Ƙaurar Ɗan Adam Daga Zamanin Dutse Zuwa Yau

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin tarihin duniya ya ga taswirar nan mai kibiyoyi, wadda wata kibiya ke fitowa daga Afirka ta nufi Asiya, wata ta karkata zuwa Turai, wata kuma ta tsallaka Amurka, kowace da adadin shekaru a gefenta. Taswirar tana da amfani, amma tana da wata illa da ta daɗe tana damuna: tana sa mai kallo ya ɗauka cewa wata al'umma ce ta ɗaure kayanta wata safiya, ta san inda ta dosa, ta yi ta tafiya har ta isa. Akasarin ƙaurar da ta cika duniya da mutane ba haka ta kasance ba, kuma wanda ya haddace kibiyoyin ba tare da sanin dalilin zana su ba zai rikice ranar da aka tono wani sabon ƙashi, lissafi ya sauya. Abin da ke biye hanya ce ta nazarin wannan tarihi da kanka, ko kai ɗalibi ne, ko malami mai shirya darasi, ko mai sha'awar sani kawai. Ginshiƙinta tambaya ɗaya ce da za ka riƙa yi wa duk zancen da ka karanta: da wace shaida aka san haka, kuma ina iyakar abin da shaidar za ta iya faɗa?

Fara da auna zamani

Samo igiya mai tsawon mita 3, ka ɗauki kowace santimita a matsayin shekaru 1,000. Bakin igiyar na farko shi ne Jebel Irhoud a ƙasar Maroko, inda aka samu ƙasusuwa mafi tsufa da ake dangantawa da mutane irinmu, waɗanda a 2017 aka bayyana cewa sun kai shekaru kusan 300,000. Yi ƙulli a santimita 70 daga nan saboda Omo Kibish ta Habasha, mai shekaru kimanin 230,000. Sai ka ci gaba da jan igiyar a hannunka har saura santimita 60 zuwa 50 ta ƙare, domin a nan ne aka yi fitar da ta haifar da akasarin mutanen da ke zaune a wajen Afirka a yau. Noma ya fara saura santimita 11, rubutu saura santimita 5, isar Kolumbus Amurka a 1492 saura rabin santimita, fasfo da biza irin waɗanda muka sani kuwa ba su wuce milimita ɗaya ta ƙarshe ba.

Kada ka raina wannan aiki don ya yi kama da wasan yara. Idan ka riƙe igiyar ka ga da idonka cewa kashi huɗu cikin biyar na tsawonta ya shuɗe ne a Afirka da gefenta, kuma duk abin da aka taɓa rubutawa bai kai tsawon yatsa ba, za ka daina auna tsohuwar ƙaura da ma'aunin ta zamani. Ka tuna kuma cewa kafin mutane irinmu akwai wasu tsofaffin jinsunan mutane da suka riga su fita. A Dmanisi ta ƙasar Jojiya an tono ƙoƙunan kai masu shekaru miliyan 1.8, waɗanda sai da igiya mai mita 18 za ka kai gare su. Raba waɗannan fitowa biyu a littafinka tun daga farko, don haɗa su wuri ɗaya shi ne kuskuren da ya fi yawa a wajen masu fara karatu.

Gyara taswirarka kafin ka zana kibiya

Taswirar yau ba ta dace da duniyar da ba. A tsakiyar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kimanin shekaru 21,000 da suka wuce, ruwa mai yawa ya daskare a kan ƙasa har tekun duniya ya ja baya da mita kusan 120. Saboda haka ɗauki taswira marar rubutu da fensir, ka cike wuraren da suke tudu a lokacin. Haɗa Siberiya da Alaska da wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da masana ke kira Beringiya. Haɗa Sumatra da Jaba da Borneo da gangar Asiya. Haɗa Ostireliya da Sabuwar Gini da Tasmaniya su zama nahiya ɗaya. Haɗa Birtaniya da sauran Turai. Wannan na ƙarshe yana da shaida mai ban sha'awa: a 1931 wani jirgin kamun kifi a Tekun Arewa ya jawo wani curin ƙasa a tarunsa, da aka fasa shi sai ga kan mashi da aka sassaƙa da ƙahon barewa, kayan wani maharbi da ya yi farauta a inda yanzu ruwa ne ke kwance.

Gyaran taswirar zai koya maka abu biyu. Na farko, mutanen da suka bi gaɓar teku sun bar murhunsu da kayan aikinsu a wuraren da ruwa ya shanye daga baya, don haka rashin samun kufai a wata gaɓa ba hujja ba ce ta cewa ba a bi ta wurin ba. Na biyu, akwai inda ruwa bai taɓa janyewa ba. Ko a lokacin da teku ya fi ja da baya, akwai mashigai masu zurfi tsakanin Asiya da Ostireliya, wani ma ya kai faɗin kilomita 90, amma duk da haka mutane sun isa can aƙalla shekaru 50,000 da suka wuce. Ba a samu ko ɓallin jirginsu ba, sai dai kasancewarsu a can ta isa ta nuna cewa sun iya ƙera abin hawa a ruwa, kuma sun tsallaka da yawan da zai iya kafa zuriya.

Haka za ka yi wa Sahara. Tsakanin kimanin shekaru 11,000 da 5,000 da suka wuce ciyawa ce da tafkuna, kamar yadda zanen raƙuman dawa da shanu a kan duwatsun Tassili na Aljeriya yake nunawa. Hamada takan zama hanya a wani zamani, ta zama katanga a wani, kuma bushewarta ta kori makiyaya zuwa kwarin Nilu da kuma kudu.

San shaidunka da raunin kowanne

Shaida ta farko ita ce abin da aka tono: ƙashi, makamin dutse, gawayi, tsingaron tukunya, sawun ƙafa. Darajarsa tana rataye ne a kan yadda aka gano shekarunsa. Hanyar da ta fi shahara ita ce ta sinadarin kabon-14, wadda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940. Duk abu mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, idan ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa da rabi a duk shekaru 5,730, har bayan shekaru kusan 50,000 abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da ba a iya auna shi da tabbaci. Abin da ya haura haka sai a koma ga wasu hanyoyi, kamar auna tokar dutse mai aman wuta da ke sama ko ƙasa da ƙashin, ko auna lokacin ƙarshe da ƙwayar yashi ta ga hasken rana, ko lokacin da wuta ta ƙona wani dutse. Duk inda ka ga adadin shekaru, binciki abin da aka auna. Sau da yawa gawayin da ke kusa da ƙashin aka auna, kuma ruwa ko ɓera mai haƙa rami na iya kai gawayi inda ba nasa ba.

Ga ƙa'idar da nake so ka rubuta a shafin farko: abu mafi tsufa da aka tono a wuri yana nufin "aƙalla tun daga lokacin nan", ba ya nufin "a lokacin nan aka fara zuwa". Tarihin Amurka shi ne babban darasi a kan wannan. Shekaru da dama ana koyar da cewa mutanen farko a can su ne masu wani irin kan mashin dutse da ake kira Clovis, na shekaru kimanin 13,000. Sai aka tono Monte Verde a kudancin Chile, mai shekaru kusan 14,500, aka yi ta musu har zuwa 1997 kafin manyan masana su je su gani su amince. A 2021 kuma aka bayyana sawun ƙafafun mutane, da yawansu yara da matasa, a busasshen bakin tafki na White Sands da ke jihar New Mexico, aka ce shekarunsu 21,000 zuwa 23,000, kuma har yanzu ana tafka muhawara a kai. Wanda ya rubuta 13,000 da tawada ya sha gogewa sau biyu.

Ƙa'ida ta biyu ita ce isa wuri daban, barin zuriya daban. An samu muƙamuƙin mutum irinmu a kogon Misliya a Gabas ta Tsakiya mai shekaru kusan 180,000, da kaburbura a Skhul da Qafzeh masu kimanin 100,000, amma mutanen da ke wajen Afirka a yau galibi jikokin fitar da ta zo daga baya ne. Misali mafi kusa shi ne na mutanen arewacin Turai da suka sauka a L'Anse aux Meadows, a tsibirin Newfoundland na Kanada. An san takamaimiyar shekarar da suka sari itace a wurin, kuma hanyar da aka bi ta cancanci a tsaya a kanta. A shekarar 993 wani feshin haske mai ƙarfi daga sararin samaniya ya ƙara yawan kabon-14 a iska, ya bar alama a zoben shekarar a cikin kututturen itatuwan duniya. Masu bincike sun nemo wannan zobe a guntayen itacen da aka sara da ƙarfe, suka ƙirga zobe 28 daga nan zuwa ɓawo, suka samu 1021. Sun zo kusan ƙarni biyar kafin Kolumbus, sun zauna ɗan lokaci, sun koma.

Shaida ta biyu ita ce ƙwayoyin gado da ke jikin mutum, wato DNA. A 1987 wani bincike a kan ɓangaren da ake gada ta wajen uwa kaɗai ya nuna cewa tushen kowa yana komawa Afirka, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa bambancin ƙwayoyin gado ya fi yawa a Afirka, yana raguwa gwargwadon nisan da aka yi da ita. Dalilin a fili yake: duk lokacin da ƙaramin ayari ya balle daga babba, ɗan kaso kaɗai yake ɗauka daga abin da iyayensa suke da shi. A 2010 ayarin Svante Pääbo, wanda ya samu lambar Nobel a 2022, ya karanta ƙwayoyin gadon mutanen Neandertal, wani tsohon jinsin mutane da ya zauna a Turai da Asiya, aka gano cewa mutanen da asalinsu yake wajen Afirka suna ɗauke da kusan kashi 2 cikin 100 daga gare su. A shekarar ce kuma wani ɗan guntun ƙashin yatsa daga kogon Denisova a Siberiya ya fito da wasu mutanen da ba a san da su ba, waɗanda al'ummar Sabuwar Gini suke ɗauke da kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na gadonsu. Wato masu ƙaura ba su tarar da duniya wayam ba, sun iske wasu, sun kuma haihu da su.

A nan ma yi taka-tsantsan a wuri biyu. Layin uwa ko layin uba zare ɗaya ne tak a cikin saƙa: idan ka koma baya zuriya goma kana da gurbin kakanni 1,024, kuma kowane ɗaya daga layukan nan biyu labarin mutum ɗaya yake bayarwa a cikinsu. Sannan DNA ta fi daɗewa a ƙasa mai sanyi, shi ya sa samfuran Turai suka rinjayi na ko'ina. Sai a 2015 aka fara karanta cikakken gadon wani tsohon ɗan Afirka, mutumin kogon Mota na Habasha, mai shekaru kimanin 4,500. Idan taswira ta cika da ɗigo a wata nahiya ta yi fayau a wata, sau da yawa yanayin ƙasa da kuɗin bincike take nunawa.

Shaida ta uku ita ce harshe. Tun 1786, lokacin da William Jones ya bayyana a Kalkata cewa Sanskrit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin daga tushe ɗaya suka fito, masana suke bin dangantakar harsuna don gano inda masu su suka taso. Abin dubawa shi ne kalmomin asali, irin su uwa, ruwa, wuta da ƙidaya, da kuma sauyin sauti mai bin ƙa'ida ɗaya a kalmomi da yawa. Kalma biyu da suka yi kama a harsuna biyu ba su isa hujja ba, don aro da dacewa suna da yawa. Harshe kuma yana iya sauka wuri ba tare da jama'a mai yawa ba. Magyar da suka shiga ƙasar Hungari ta yau wajen shekarar 895 sun bar harshen da danginsa suke can wajen tsaunukan Ural, amma jinin mutanen Hungari na yanzu ya fi kusa da na maƙwabtansu.

Haɗa shaidun su yi wa juna gyara

Ba shaidar da ke tsayawa ita kaɗai, kuma hanya mafi kyau ta koyon haɗa su ita ce ka ɗauki misali ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Ina ba da shawarar Madagaska. Tsibirin yana da nisan kilomita 400 kacal daga gaɓar Afirka, don haka hankali zai ce harshensa na Afirka ne. Amma dangin harshen Malagasi mafi kusa shi ne Ma'anyan na kudu maso gabashin Borneo, fiye da kilomita 6,000 a ƙetaren Tekun Indiya. Ƙwayoyin gadon mutanen tsibirin haɗi ne na Afirka da kudu maso gabashin Asiya, tono ya fito da ƙwayoyin shinkafar Asiya a tsofaffin matsugunai, kuma kwale-kwalensu mai sandar daidaito a gefe irin na Indunusiya ne. Shaidu huɗu da ba su dogara da juna ba sun faɗi magana ɗaya, a nan kana da ikon zana kibiya da ƙarfin gwiwa.

Bi wannan dangin harsuna baya, za ka ga ya ƙunshi harsuna sama da 1,000, kuma mafi yawan manyan rassansa a Taiwan suke, abin da ya sa ake ɗaukar tsibirin a matsayin mafari, shekaru 4,000 zuwa 5,000 da suka wuce. Bi shi gaba, za ka ga wasu tukwane masu ado da ake kira Lapita sun kai Fiji da Tonga da Samowa kimanin shekaru 3,000 da suka wuce, sannan Niyu Zilan, ƙasa babba ta ƙarshe da ɗan Adam ya zauna, tsakanin 1250 da 1300. An tabbatar da wannan lokaci ne ta hanyar auna 'ya'yan itacen da ke da alamar haƙoran wani ɓera da ba ya iya iyo mai nisa, wanda sai a jirgin mutane zai iya zuwa.

A cikin wannan labari akwai gargaɗi. A 1947 Thor Heyerdahl ya ɗaure gungumomi ya yi jirgi, ya tashi daga Peru, bayan kwana 101 ya isa tsibiran Polinesiya, don ya nuna cewa daga Amurka ta Kudu mutanen suka fito. Abin da ya nuna shi ne tafiyar tana yiwuwa. Harshe da tukwane da jini duk sun ce daga Asiya suka zo, ko da yake dankalin da Polinesiyawa suke nomawa, wanda asalinsa na Amurka ta Kudu ne, ya nuna an taɓa haɗuwa. Riƙa bambance "zai yiwu" da "ya faru" a duk inda ka gan su.

Yanzu koma kan saurin tafiya, wanda shi ne abin da kibiya ta fi ɓoyewa. Noma ya shiga Turai daga Anatoliya, a Turkiyya ta yau, kimanin shekaru 8,500 da suka wuce, ya kai Birtaniya kimanin shekaru 6,000 da suka wuce. Raba nisan da shekarun, za ka samu kusan kilomita ɗaya a shekara. Ɗa ne yake share gona a gaba da ta ubansa, jika kuma ya ƙara gaba, sannu-sannu kwana nesa, kuma babu ɗayansu da ya san yana cikin wata babbar ƙaura. Haka yaɗuwar masu harsunan Bantu take, daga yankin iyakar Najeriya da Kamaru shekaru 4,000 zuwa 5,000 da suka wuce, har suka kai kudu maso gabashin Afirka a ƙarnonin farko na Miladiyya, suka bar harsuna kusan 500. Sautin ƙyas da ake ji a harsunan Xhosa da Zulu aro ne daga mutanen Khoisan da suka tarar, shaidar zaman tare da auratayya. Amma kada ka mayar da wannan doka ga ko'ina. Makiyayan Yamnaya da suka taso daga filayen ciyawa na arewacin Bahar Aswad kimanin shekaru 5,000 da suka wuce sun sauya jinin Turai cikin 'yan ƙarnoni, kuma a Birtaniya kusan kashi 90 cikin 100 na gadon mazauna ya sauya bayan shigowar masu ɗauke da wannan jini, kimanin shekaru 4,500 da suka wuce.

Idan ka shigo zamanin takardu

Da ka iso santimita ta ƙarshe ta igiyarka, shaidu za su yi yawa, tambayar kuma ta koma: wa ya rubuta, kuma don me? Cinikin bayi ta Tekun Atilantika yana da bayanan tafiye-tafiyen jirage kusan 36,000. Daga cikinsu aka ƙiyasta cewa an loda 'yan Afirka miliyan 12.5, miliyan 10.7 suka sauka da rai. Tsaya ka ɗebe wannan daga wancan da hannunka, ka ga mutum miliyan 1.8 da suka mutu a teku. Fiye da kashi 40 cikin 100 Birazil aka kai su, waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka kuwa ba su kai 400,000 ba, abin da ke ba mutane da yawa mamaki. An adana waɗannan kundaye ne saboda haraji da inshora da riba, shi ya sa suke da adadin kawuna da sunan kyaftin, amma da wuya su ambaci sunan wanda aka ɗaure. Cinikin bayi ta Sahara da ta Tekun Indiya bai bar kundaye irin waɗannan ba, kuma ƙarancin takarda ba ya nufin ƙarancin waɗanda aka kora daga gidajensu.

Ƙarni na 19 ma yana da tarkonsa. Fiye da Turawa miliyan 50 sun tsallaka teku tsakanin 1820 da 1930, kuma tsibirin Ellis, tashar karɓar baƙi ta New York, shi kaɗai ya karɓi kusan miliyan 12 daga 1892 zuwa 1954. Saboda hotuna da rajistar wannan ƙaura suna da yawa, ita ake ba shafuka, alhali a daidai lokacin miliyoyi masu kama da wannan adadi sun tashi daga Indiya da kudancin Sin zuwa kudu maso gabashin Asiya, wasu kuma daga arewacin Sin da Rasha zuwa Manchuriya da Siberiya. Bayan hana bauta a daular Birtaniya, daga 1834 zuwa 1917 an kwashi Indiyawa sama da miliyan ɗaya da yarjejeniyar ƙwadago zuwa gonakin rake na Morishos, Giyana, Tirinidad, Natal da Fiji. Lura kuma da cewa rajistar tashar jirgi masu shigowa take ƙirgawa. Kaso mai yawa na Italiyawan da suka tafi sun koma gida, wasu ma ci-rani suke yi, su tsallaka zuwa Ajantina girbin alkama su dawo su kama na Italiya.

Game da dalilan ƙaura, za ka ci karo da rabon nan na abin da ke kora da abin da ke jawowa. Yana da gaskiya, domin abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya ta kori wasu sama da miliyan ɗaya, misali ce da ba ta bukatar sharhi. Amma rabon bai isa ba. Tun 1885 Ernst Ravenstein ya gano daga ƙidayar Birtaniya cewa akasarin masu ƙaura ba sa yin nisa, suna tafiya mataki-mataki daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, kuma duk inda ake tafiya akwai masu dawowa. Ƙara tambayoyi uku a kan na farko: wa yake da kuɗin hanya, wa ya riga shi zuwa da zai sauke shi, kuma wace doka ce ta buɗe ko ta rufe ƙofa? Jirgin ruwa mai tururi ya rage tsallaka Atilantika daga sama da wata guda zuwa ƙasa da mako biyu, dokar Amurka ta 1882 ta hana ma'aikatan Sin shiga, ta 1924 kuma ta taƙaita shigar mutanen kudanci da gabashin Turai. Talauci bai ragu a Italiya a 1924 ba, ƙofa ce ta rufe.

Yadda ake karanta alkaluman yau

Tantance kalmomi kafin ka taɓa adadi. A ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, mai ƙaura na dogon zama shi ne wanda ya koma wata ƙasa na aƙalla wata 12, ko mene ne dalilinsa. Ɗan gudun hijira, bisa yarjejeniyar 1951 da ƙarinta na 1967, shi ne wanda ya tsallaka iyaka saboda tsoron zalunci mai tushe, kan launin fata ko addini ko ƙasa ko ra'ayin siyasa ko kasancewa cikin wani rukuni. Wanda yaƙi ya raba da gidansa amma bai bar ƙasarsa ba rukuninsa daban, haka ma mai neman mafaka da ba a yanke hukunci a kansa ba. Jaridu sukan cakuɗa su, kai kada ka cakuɗa.

Ƙarni na 20 ya kawo ƙaurar da gwamnatoci da sababbin iyakoki suka tilasta: musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, korar Jamusawa kusan miliyan 12 daga gabashin Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da ta tayar da kusan miliyan 15, da Falasɗinawa kimanin 700,000 a 1948. Wani lokaci ma iyakar ce take tsallake mutum yana zaune a ɗakinsa. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Rashawa kusan miliyan 25 suka wayi gari a wajen Rasha, da yawa kuma suka shiga lissafin baƙi ba tare da sun ɗaga ƙafa ba.

Bambance adadin waɗanda suke zaune a wata ƙasa a wani lokaci da adadin waɗanda suka shiga cikin shekara guda, domin na farko ya haɗa da wanda ya zo shekaru 40 da suka wuce. Kuma kullum raba adadi da yawan jama'ar duniya. Masu zama a ƙasar da ba a haife su a ciki ba sun kai miliyan 153 a 1990 da miliyan 281 a 2020, wanda a ido ƙari ne babba, amma a kaso daga 2.9 ne zuwa 3.6 cikin 100. Ƙaura mafi girma a zamaninmu ba ta tsallaka iyaka ba: ma'aikatan karkara da suka bar gona suka shiga ayyukan birane da masana'antu a Sin sun kusa miliyan 300, kamar yadda baƙaƙen fata miliyan 6 suka tashi daga kudancin ƙasar Amurka zuwa arewaci da yammacinta tsakanin 1916 da 1970. Waɗanda rikici da zalunci suka raba da muhallinsu sun haura miliyan 120 a 2024, fiye da rabinsu suna cikin ƙasashensu, kuma mafi yawan waɗanda suka fita a ƙasashe maƙwabta suka tsaya.

A littafinka, ba kowace ƙaura layi ɗaya mai gurbi shida: su wa suka tashi, daga ina zuwa ina, yaushe, da son rai ko tilas, wace shaida, da shekarar da aka fitar da adadin. Gurbin ƙarshe ya fi muhimmanci ga rikicin da bai ƙare ba. Idan za ka shigar da yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, rubuta hukumar da ta fitar da adadin da watan da ta fitar da shi, sannan ka duba ko ta haɗa da waɗanda suka tsallaka zuwa Chadi da Masar da Sudan ta Kudu, ko kuwa na cikin ƙasar kaɗai ta ƙirga.